Ciwon Jiki: Daga Bakin Goggo Zuwa Lamba M79.1

Akwai wata 'yar takarda da ta daɗe a cikin jakar da nake zuwa aiki da ita, duk ran da na tashi zubar da tarkace sai in ɗauke ta in mayar. Kwafe ce ta takardar neman biyan kuɗi da wani asibiti ya cike da sunan goggona, yayar mahaifina, wadda na ɗauko daga ƙauyenmu da ke ƙasar Baure ta masarautar Daura domin a duba lafiyarta a birni, bayan na sa ta cikin waɗanda inshorar lafiyata ke ɗaukar nauyinsu. A gurbin da aka tanada don rubuta abin da ke damun majinyaci babu jimla, babu ko kalma guda, sai harafi ɗaya da lambobi uku: M79.1. Alhali kuwa ina zaune a ɗakin sa'ad da Goggo ta yi bayaninta, kuma na san ba gajeren bayani ta yi ba.

Likitan matashi ne mai ladabi, Bahaushe kamarmu. Ya ce, "Sannu Iya, me ke damun ki?" Ta gyara mayafi ta ce, "Likita, jikin ne duka ba daɗi. Da safe in na tashi sai in ji ya yi tsami kamar an kwana ana duka na. Amma babban abin ƙafafun nan ne. Da dare tafin ƙafata kamar na taka garwashi, wani lokaci kuma sai su mutu, ko takalmi ya fita ban sani ba. Mutanen gida sun ce sanyi ne." Likita ya saurara yana kaɗa kai, sannan ya rubuta haruffa uku na boko a katinta, waɗanda ma'aikatan lafiyarmu suka saba taƙaita ciwon jiki na gaba ɗaya da su. Daga bisani wani akawu da bai taɓa ganin fuskar Goggo ba ya mayar da haruffan nan uku lamba. Aka ba mu maganin rage zogi na mako biyu, muka yi godiya muka fito.

Ni ba likita ba ne, malamin nazarin harshe ne, saboda haka ba zan shiga gonar da ba tawa ba. Sai dai abin da ya auku tsakanin bakin Goggo da wannan lamba fassara ce, har hawa uku: daga Hausar ƙauye zuwa Turancin asibiti, daga Turancin zuwa taƙaitattun haruffa, daga haruffan zuwa lamba. Fassara kuwa gonata ce, kuma duk mai fassara ya san a kowane hawa akwai abin da ke zuba ƙasa.

Bari mu fara da sanin ita lambar. Tana cikin wani kundi da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da shi, wanda ake kira ICD, wato jerin rabe-raben cututtuka na ƙasa da ƙasa. Asalinsa ba don masu rai aka yi shi ba. A shekarar 1893 wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar da jerin musabbaban mutuwa a taron masana ƙididdiga da aka yi a birnin Shikago na Amurka, domin ƙasashe su riƙa ƙidayar mamatansu da ma'auni ɗaya. Sai a 1948, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar kundin a bugu na shida, aka shigar da cututtukan da ba lallai su yi kisa ba. Bugu na goma, wanda lambar Goggo ta fito daga cikinsa, an amince da shi a 1990, na sha ɗaya kuma ya fara aiki a watan Janairu na 2022, ko da yake ƙasashe da dama ba su kammala komawa kansa ba. Harafin M na babin tsoka da ƙashi da gaɓɓai ne. M79.1 kuwa ita ce abin da likitoci ke kira mayaljiya.

A nan ne malamin harshe zai yi murmushi. Kalmar daga Girkanci take, haɗin kalmomi biyu: ɗaya tsoka, ɗaya ciwo. (Kalmar tsokar ma a Girkanci ita ce ta ɓera, haka ma a Latin ƙaramin ɓera ake ce wa tsoka, wai saboda yadda dantse ke motsi ƙarƙashin fata.) Wato ka ce wa likita tsokarka na ciwo, shi kuma ya rubuta maka "ciwon tsoka" da harshen mutanen Girka. Bai gano cuta ba tukuna, koken da ka kawo ne ya sa wa babbar riga ya mayar maka. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa. Masu kundin sun san akwai ranar da likita ba zai iya gano musabbabi a zaman farko ba, shi ya sa suka tanadi irin waɗannan lambobi na "ba a fayyace ba", domin ya faɗi gaskiya maimakon ya yi shaci-faɗi. Zango ne aka yi don matafiyi ya huta kafin ya ƙarasa. Matsalar ita ce a wajenmu an mayar da zangon gida.

Wani abin ban sha'awa shi ne, ko lambar ma tana da karin harshe. A kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ana iya ƙara lamba ta ƙarshe don nuna wurin ciwon a jiki: sifiri na nufin wurare da yawa, bakwai idon sawu da ƙafa, tara kuma wurin da ba a fayyace ba. Amma Amurkawa, waɗanda suka koma amfani da nasu samfurin a watan Oktoba na 2015 mai ɗauke da lambobi wajen dubu saba'in, sun kasa M79.1 gida huɗu a watan Oktoba na 2018, kuma a wajensu M79.10 ita ce ciwon tsokar da ba a fayyace wurinsa ba. Lamba ɗaya, ma'ana biyu. Akawun da ya leƙa intanet ya kwafo lamba ba tare da sanin daga wane kundi ta fito ba, daidai yake da ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko da idonsa ya faɗa a kai.

To, me ya kawo wannan lamba cikin rayuwar tsohuwa daga Baure? Kuɗi ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005, bisa dokar da aka kafa a 1999, asibitin da ke son a biya shi dole ya faɗi abin da ya yi da dalilin yin sa cikin harshen da mai biya ke ganewa. A watan Mayu na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta inshorar a kan kowane ɗan Nijeriya. Jihar Katsina ma tana da tata hukumar taimakekeniyar kiwon lafiya da dokar 2018 ta samar, ga kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Duk waɗannan ci gaba ne, musamman a ƙasar da fiye da kashi saba'in cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Amma kowane ɗayansu da takardunsa yake zuwa, kuma gwargwadon yaɗuwarsu gwargwadon yadda ciwon talaka zai riƙa bi ta cikin lamba kafin ya zama magani.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda biyan yake, domin a nan gizo ke saƙa. Hanya biyu ce. A matakin farko, ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. Shekaru da dama naira 750 ce kafin a yi ƙari a 2024. Daga cikin wannan kuɗi asibitin zai duba ka, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba ka magani. A mataki na biyu kuwa, na ƙwararru da manyan gwaje-gwaje, ana biya ne gwargwadon aikin da aka yi, amma sai asibiti ya nemi izini daga kamfanin da ke dillancin inshorar, kuma izinin yana rataye ne a kan sunan cutar da aka rubuta. Yanzu mai karatu ya auna da kansa. Idan aka rubuta ciwon tsoka, magana ta ƙare da ƙwayoyi na 'yan nairori. Idan aka ce a bincika, kowane gwaji ragi ne daga ɗan abin da asibitin ya karɓa, ko kuma doguwar jiran izini. Ba sai wani ya yi niyyar cuta ba. Tsarin da kansa yana karkata alƙalami zuwa ga lamba mafi arha, kamar yadda ruwa ke bin gangare.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda kowannenmu ya sani. Inda majinyaci ne zai biya daga aljihunsa, ko inda suna mai nauyi zai halatta magani mai tsada, sai ciwon jikin nan ya rikiɗe ya zama zazzaɓin cizon sauro da taifot, tagwayen da ba sa rabuwa a katunan asibitocinmu. Gaskiya ne Nijeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, don haka zargin ba daga sama yake faɗowa ba. Amma zargi daban, gwaji daban. Koke ɗaya, a wannan ɗaki an rage masa tsawo, a wancan an ƙara masa, kuma duka biyun su ne ke tafiya cikin rajista, a tattara su wata-wata a hedkwatar ƙaramar hukuma, a shigar a kwamfuta, su isa Katsina da Abuja a matsayin hoton lafiyar mutanen Baure. Da wannan hoto ake tsara kasafi da rabon magani da tura ma'aikata ga ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutane wajen dubu ɗari biyu.

Yanzu in dawo gonata. Bahaushe bai cika cewa "tsokata ke ciwo" ba. Tsoka a bakinsa ta fi kusa da mahauta da tukunyar miya. Abin da yake cewa shi ne jiki, ko gaɓɓai, ko ƙashi, ko jijiya, ko kuma ya kama sunan wurin: ƙugu, gadon baya, dantse, cinya, ƙwauri. Ita kalmar jijiya kaɗai ta isa ta rikita akawu, domin da ita muke kiran hanyar jini, da ita muke kiran igiyar da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, da ita muke kiran abin da ya ɗaure tsoka da ƙashi, alhali a kundin nan babi uku ne mabambanta. Haka "sanyi": a bakin tsohuwa ciwon gaɓɓai ne da ke tashi da damina ko hunturu, a bakin matashi a birni kuwa yana iya nufin cutar da ake ɗauka ta saduwa, wadda kunya ta hana a kira da sunanta.

Amma inda Hausa ta yi ƙaranci wajen rarraba sassan ciki, ta yi yalwa wajen rarraba yanayin ciwo. Zogi daban, raɗaɗi daban. Kai sara yake yi, ciki murɗa, haƙarƙari suka, jijiya ɗaurewa, jiki tsami ko nauyi ko kasala, ƙafa kuma ta sage ko ta mutu. Manomin da ya yini yana huɗa a jigawa, tsamin jiki yake kawowa. Mai sikila idan ciwonsa ya tashi, cewa yake kamar ana sara masa ƙashi. Matar da ta rasa ɗa ko aka yi wa kishiya ba shiri, wadda al'ada ba ta ba ta bakin cewa zuciyarta ce ke ciwo ba, sai ta ce jikinta duka ba ƙarfi, barci ya ƙaurace mata. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, shi ma da kasala da ciwon jiki da zazzaɓi yake sallama. Waɗannan kalmomi ba adon magana ba ne, alamomi ne da likita ke buƙata. Duk sa'ad da aka zuba su cikin haruffa uku, an zubar da shaidar da majinyaci ya ɗauko tun daga gida, kuma ita kaɗai ce gwajin da ba a biyan ko kwabo a kansa.

Abin da ya faru da Goggo ke nan. Sau biyu muna komawa, sau biyu ana sabunta mana magani iri ɗaya, domin wanda ya buɗe katin abin da ya fara gani shi ne abin da na gabansa ya rubuta, lamba kuwa idan ta zauna a kati takan yi jijiya. A zuwa na uku muka dace da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya tana auna jini kafin a shiga wajen likita. Tana jin maganar garwashi da takalmi sai ta ajiye abin awon ta ce, "Iya, kina yawan tashi fitsari da dare? Ƙishirwa fa?" Goggo ta ce, "'Yar nan, kamar kina ɗakin." Aka ɗiga jininta a ɗan tsinken gwaji, cikin minti guda magana ta fito: ciwon sukari ne, ya daɗe har ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa. Lambarsa E11.4, a wani babi can nesa da na tsoka. Likitan da ya gan ta ranar ya dakatar da maganin zogin nan take, ya ce irinsa yana wahalar da ƙoda, balle ta mai sukari. Wata huɗu tana shan sa, na asibiti da wanda ake sayo mata a kemis idan ya ƙare.

Ban rubuta wannan don in ci zarafin likitan farko ba. Na ga layin da ke bakin ƙofarsa ranar, na kuma san yadda abokan karatunsa ke tattara takardu suna barin ƙasar. Mutumin da zai ga majinyata masu yawa haka kafin azahar ba shi da sararin bin kowace kalma. Bugu da ƙari, an koyar da shi likitanci da Turanci tsantsa, ba a taɓa zaunar da shi a aji an ce ga yadda mai wannan cuta ke bayyana ta da Hausa ba. Abin da ya sani na wannan fanni a bakin aiki ya tsinta, kamar yadda ita ma'aikaciyar jinyar ta tsinci nata cikin shekaru. Laifina ni ma yana nan: na ji kalmomin da kunnena, ina da digiri uku a kan kalmomi, amma na yi shiru saboda kwarjinin farar riga.

Masanin nan Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda Hausawa ke neman magani, ya buga wata maƙala a 1981 a kan muhimmancin sanin rashin sani. Ya lura cewa sau da yawa majinyaci da mai magani ba su damu da sanin haƙiƙanin musabbabin ciwo ba, muddin za a sami sauƙi. Ina ganin lambar "ba a fayyace ba" ta zo ta tarar da wannan ɗabi'a a gida, suka ƙulla aure. Majinyaci na son ƙwaya, asibiti na son layi ya ragu, mai biya na son lamba mai arha; kowa ya samu abin da yake so, sai ita cutar da aka bari tana cin tuwonta. Wanda kuma ya gaji da zuwa asibiti ana ba shi abin da zai iya saya da kansa, sai ya yanke hanya ya nufi mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ke shan magungunan kashe zogi masu sa maye irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba. Ba duka ne suka fara da neman maye ba. Duk wanda ya san 'yan ƙwadago da masu aikin gona ya san da yawa da ciwon jiki suka fara.

Mutanen Baure suna da madubi kusa da su. Daga Babban Mutum in ka tsallaka iyaka ka nufi Magarya ta jihar Damagaram, Hausar ita ce dai, tsamin jikin shi ne dai, sai dai can da Faransanci ake rubuta shi. A 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta, bisa sharaɗin asibiti ya yi aiki, ya cike takardar neman biya, gwamnati ta mayar masa. Takardu suka taru, biya ya yi ta jinkiri shekara da shekaru, kantunan maganin asibitoci suka bushe. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne takardar biya ba ƙaramin al'amari ba ce da za a bar wa akawu shi kaɗai. Ita ke yanke abin da zai kasance a kan kanta ran da majinyaci na gaba ya zo.

Wani hanzari ba gudu ba. Bugu na sha ɗaya na kundin ya keɓe babi na 26 ga rabe-raben ciwo na maganin gargajiyar Sin da Japan da Koriya, a 2025 kuma aka ƙara na Indiya. Waɗannan ƙasashe ba da hayaniya suka samu wannan gurbi ba, sun yi shekaru suna tattara kalmominsu suna daidaita ma'anoninsu. Ni ban ce a sa "sanyi" ko "shawara" a kundin duniya gobe ba. Buƙatata ta fi wannan ƙanƙanta. Ina so sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Ahmadu Bello su zauna da takwarorinsu na koyon likitanci, a bi asibitocin karkara da na'urar ɗaukar magana bisa yardar majinyata, a tattara yadda Badauri da Bakatsine da Basakkwace ke faɗin ciwo, a fitar da ɗan littafin aljihu da zai ce: idan ka ji wannan kalma, yi wannan tambaya. Ina so a buɗe layi guda a katin asibiti inda za a rubuta koken majinyaci da kalmominsa, da Hausa, kafin a fassara. Su kuma hukumomin inshora, tun da lambobin na hannunsu a kwamfuta, abu ne mai sauƙi su sa ƙa'ida cewa duk wanda aka rubuta wa lambar "ba a fayyace ba" sau biyu a jere, zuwa na uku sai da gwaji, kuma su ne za su biya kuɗinsa ba asibiti ba. Ƙin biyan irin wannan lamba gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke ba da shawara, ba zai haifar da komai ba illa ƙarin taifot na ƙarya.

Goggo ta koma gida kafin damina. Ta daina shan fura da sukari, abin da ta ce ya fi ciwon zafi. Ƙafar ba ta warke sarai ba, likita ya ce jijiyar da ta riga ta lalace ba ta cika dawowa ba, amma tana samun barci. Da yake rajistarta a birni take, gwajin da ake yi mata wata-wata a can gida daga aljihuna yake fita, ɗan ƙanena ke kai ta a babur. Ran da zan mayar da ita, ta ga ina duba takardun nan biyu a mota, ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na ce ta farko M79.1, ta biyu E11.4. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "To, a cikinsu wacce ce ta ce ƙafa?" Na sake dubawa, na ce mata babu.